Yadda Fentin Wili Ya Tsayar da Gawar Kakanku

Rabi ce ta jawo wannan babin. Ta dawo daga wani biki a unguwar Madina ta nan Ankara, ƙasar Gana, ranta a ɓace, ta ce wata mata ta nuna ta da baki tana cewa ai 'yar Tsai-da-gawa ce, saura kaɗan ta watsa mata lemo a fuska. Na ce da kin yi asarar lemo, domin matar ba ta yi ƙarya ba. Sunana ne a Nima da Maamobi shekara da shekaru, kuma da hannuna na saye shi. Abin da ba gaskiya ba shi ne jelar da aka ɗaura wa sunan, wai na tare gawar kakanku Alhaji Mumuni a tsakiyar titi ne don in rama wulaƙancin da ya yi mini lokacin da nake neman uwarku. Wannan kam ƙarya ce tsagwaronta. Kuna ƙanana lokacin da abin ya faru, uwarku ba mai son tone-tone ba ce, ni kuma kunya ta rufe mini baki. Yanzu da tsufa ya rage mini kunya kamar yadda ya rage mini haƙora, bari in faɗa muku yadda aka yi.

Kun san ni mai fentin gidaje ne tun asali. Na fi shekara ashirin ina hawa tsani a Kokomlemle da Adabraka, har gwiwata ta hagu ta ce ta gaji, ba ta kuma yi shawara da ni ba. Zama ya kama ni a gidan hayarmu na Nima, gidan nan mai ɗaki goma sha ɗaya da famfo ɗaya, kuma namiji mai lafiyar hannu in ya zauna a tsakar gida tsakanin mata, ba ya kwana uku sai ya zama abin tuntuɓe. Maƙwabcinmu Fuseni, direban tasi, shi ya cece ni ba da saninsa ba. Wata rana na ga yana wanke motarsa, jikin yana ƙyalli amma wilin duk tsatsa ta cinye, na ce masa wannan ai kamar mutum ne ya sa sabuwar riga da tsohon silifa. Ya ce in ina da magani in kawo. Wili, ga jikokina da ba su san sunan ba, shi ne ƙarfen nan da taya ke zama a kai, wanda 'yan Ankara ke kira rim. Daga ƙafafun motar Fuseni huɗu sana'ata ta biyu ta fara.

Aikin ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. Sai in wanke wilin da garin sabulu har maiƙon birki ya fita, in bi shi da burushin ƙarfe, in bi da samfefa mai kaushi, sannan mai laushi da ruwa, har ƙarfen ya yi santsi a tafin hannu. In goge da tina, ruwan nan mai wari da ake tsinka fenti da shi. Taya tana jikinsa ba na cire ta, sai dai in jera tsofaffin katunan waya da aka kankare a tsakanin taya da bakin wili, zagaye guda, don kada feshi ya taɓa roba. Daga nan fentin shimfiɗa, a bar shi ya sha iska, sannan ruwan azurfa, shafi uku sirara. Fuska kawai nake yi, domin direba abin da fasinja zai gani shi ne damuwarsa, bayan wili kuwa ko zomo ne ya haihu a can ba ruwansa. Kafin shekara ta zagayo, da wuya a wayi gari ba a ga wili huɗu ko takwas a jingine a bangon tsakar gidanmu suna shan rana ba. Matan gida ba su so ba ko kaɗan. Uwarku Memuna ce shugabar masu ƙorafi, ta tsaya da muciya a hannu.

"Baban Rabi, tuwo na yana warin tina fa. Jiya ma Mma Adisa ya ce miyan shi ya yi ɗanɗanon mota."

Na ce mata maƙwabciyarmu Mma Adisa mace ce, a ce ta ce. Babana Bakatsine ne, da bulala ya koya mana bambanta mace da namiji a magana, ni kuma na auri 'yar Zangon Ankara wadda Hausarta ba ta san mace ba.

"Yoo, na ji," in ji ta. "Ta ce, ya ce, warin dai ɗaya ne. Ka matsa can wurin gota."

Na matsa. A kusurwar nan ta bakin gota na yi sauran aikina duka.

Yanzu maganar kakanku. Alhaji Mumuni ɗan kasuwar goro ne, dogo, mai ƙarancin dariya. Wulaƙancin da ake ta yayatawa jimla ɗaya ce tak. Ranar da manyana suka je tambayar uwarku, aka ce masa yaron mai fenti ne, sai ya ce, to, sana'ar rufe aibi ke nan. Ya ba ni 'yarsa a wannan zaman, bai ƙara wata magana ba. Ba zan ce jimlar ba ta yi mini zafi ba. Ta yi, na kuma daɗe ina tauna ta. Amma mutumin da ya riƙa aiko mana da buhun shinkafa duk azumi, ya yi wa kowannenku huɗuba da bakinsa, ba a riƙe shi da jimla ɗaya sai in mutum ɗan banza ne.

Shi ne ya tsaya tsayin daka har masallacin unguwarmu ya samu motar jana'iza. Ya ce ya gaji da ganin ana loda Musulmi a bayan motar da jiya ta ɗauko siminti. Aka haɗa hannu aka sayo wata tsohuwar bas, aka cire kujerun baya yadda makara za ta shiga, aka bar benci biyu a gefe, aka yi mata farin fenti da koren layi. Wilinta kuwa abin tausayi, kamar an tono su daga cikin gota. Alhaji ya zo gidanmu da kansa, abin da bai cika yi ba, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba.

"Isaka, ƙafan mota ɗin nan na ba ka. Ka yi shi da kyau. Wata rana ni ma shi zai ɗauke ni."

Shekara goma sha biyar ina surukinsa, wannan ne karo na farko da ya nemi wani abu daga sana'ata. Ku auna yadda na ji. Na ce a raina, aikin Allah ba a yi masa rabi, kuma yau Alhaji zai ga mai fenti ba rufe aibi yake yi ba. Na sa mai faci ya cire tayoyin gaba ɗaya. Na kwana huɗu ina kankara har wilin nan suka koma farin ƙarfe, ba ɗigon tsatsa. Sannan halin mai fentin gida ya motsa. Mu a wurinmu abin kunya ne a rufe ƙofa a ga bayanta ba fenti, ko a hau kujera a ga saman taga fayau. Maigidana da ya koya mini aiki da yatsa yake bin inda ido ba ya kaiwa, in ya samu wuri a buɗe, ranar ba ka da abincin rana. Don haka na rataye wilin a igiya na yi musu ciki da waje, gaba da baya, har da faffaɗan wurin nan na baya inda wili ke manne wa jikin mota, har da cikin ramukan da noti ke zama. Shimfiɗa biyu, fari huɗu, mai kauri, yana sheƙi kamar kwanon sha na amarya. Alhaji ya zo ya zagaya motar sau biyu, ya duƙa ya leƙa ta ƙasa, ya miƙe ya ce madalla. Kalmar nan ta ishe ni abinci na kwana biyu. Fuseni ma da ya gani ya ce ashe ina da irin wannan hannun nake yi masa fuska kawai, lallai sai na yi masa irin na motar masallaci. Na yi masa, ina ta fankama.

Mako uku da wani abu motar tana aiki, ta kai mutum huɗu ko biyar makwancinsu lafiya. Ranar wata Alhamis bayan sallar asuba Alhaji ya ce kansa yana juyawa, ya kwanta, kafin a kawo masa koko ya cika. Aka sa jana'iza bayan azahar, a binne shi a maƙabartar Madina. Jama'a ta taru har titi ya toshe. Aka yi salla, aka sa makara a mota, 'ya'yansa maza uku suka shiga: kawunku Bashiru, babban, a gaba kusa da direba, ƙannensa biyu a baya tare da liman da wasu dattawa. Babura suka yi gaba suna buɗe hanya kamar yadda aka saba a Zango, motar ta bi, sauran motoci suka bi ta. Ni na ɗan tsaya saboda gwiwa, ina neman motar da ke da kujerar gaba. A nan Fuseni, wanda ke kirana Masa, wato maigida, ya same ni. A kan babur ya zo, ba a tasinsa ba, goshinsa da filasta.

"Masa Isaka, Allah ya ji ƙan Alhaji. Amma ka ji abin da ya same ni. Taya na ya fita yau da safe a Kokomlemle. Ya wuce ni kraa, ina kallon shi yana tafiya shi kaɗai."

Na ce subhanallahi, garin yaya?

"Allah ya taimake ni go-silo ne, ina tafiya kaɗan-kaɗan. Fita ɗin, mai gyaran mota, da ya zo ya duba, wani tsoho daga Abossey Okai, ya ce wane ne ya yi penti a bayan rim? Ya ce wurin nan ƙarfe da ƙarfe ne yake so. In ka sa penti, za ka ɗaure noti tam, amma mota yana tafiya, birki yana zafi, penti ɗin yana narkewa yana murƙushewa, sai noti ya samu wuri ya fara juyawa. Ya ce duk wanda ya yi wannan aiki, kafinta ne ko mai pentin gida."

Tasin Fuseni kwana goma ke nan da na yi mata aikin. Motar masallaci ta fi mako uku, fentinta ya fi kauri, ga nauyin mutane, kuma yanzu ta nufi titin Legon inda direba ke sakin ƙafa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Na lalubo waya na kira Malam Seidu direban motar, a kashe, domin shi in ya ɗauki gawa kashe waya yake yi don girmamawa. Na kira Bashiru, tana ta ƙara ba a ɗauka. Wa zai ɗauki waya gawar ubansa na bayansa?

Zan gaya muku abin da ban taɓa gaya wa uwarku ba. Na tsaya a wurin nan, ba zan ce minti nawa ba, Shaiɗan yana ba ni shawara da murya mai daɗi. Ya ce motar nan ta je Madina sau biyar ta dawo, yau ma za ta je. Ya ce ka bari a binne, da yamma ka ɗauki sifana ka je ka gyara a ɓoye, ba wanda zai sani. Ya ce in ka tare gawar surukinka a titi aka duba aka ga noti garau, ina za ka sa fuskarka a Nima? Kuma shawarar ta shige ni, kada ku ɗauka ubanku waliyyi ne. Abin da ya ture ta shi ne na tuna uwarku tana cikin gida tana kukan mutum ɗaya, duk 'yan'uwanta maza kuma suna cikin motar da na yi wa ƙafa. Na ce wa Fuseni ya juya babur.

Ban san yadda na ɗaga gwiwar nan na hau ba. Muka bi ta Kawukudi, Fuseni yana kutsawa tsakanin motoci yana danna oda, hulata ta tashi ban waiwaye ta ba. Ayarin jana'iza ba ya jiran danja, don haka sun yi mana nisa. Sai wajen Shiashie muka hango koren layin, daidai inda hanya ke buɗewa. Muna matsowa ta baya na zuba wa ƙafar baya ta hagu ido, na ga tana rawa, 'yar rawa kaɗan irin ta faifan da bai zauna daidai ba. Wanda bai sani ba ba zai lura ba. Muka jera da tagar direba ina ɗaga hannu ina cewa tsaya, Malam Seidu ya ɗauka cikin 'yan rakiya nake, ya gyaɗa mini kai ya ƙara wuta. Na ce wa Fuseni ya sha gabansa. Ya ce Masa, za su kashe mu. Na ce sha gabansa. Ya shiga gaban motar ya riƙa rage gudu, yana ragewa, har Malam Seidu ba shi da yadda zai yi sai ya gangara gefen titi ya tsaya. Motoci fiye da ashirin suka tsaya a bayansa.

Bashiru ne ya fara dirowa. Kun san kawunku da zuciya, ranar kuma idonsa ya yi ja da kuka.

"Isaka, kai ne? Ka haukace ne? Baba na ne a ciki."

Na ce a yi haƙuri a duba ƙafafun motar.

"Wane ƙafa? Ana gaggauta gawa, kai kana tsare shi a titi kamar ɗan sanda? Matsa, ko in matsar da kai."

Mutane suka kewaye mu. 'Yan babura da suka yi gaba suka juyo, wasunsu ba su ma san ni ba, na ji wani yana cewa a ɗauke tsohon nan a jefa shi gota. Na so in ja Bashiru gefe in raɗa masa, ko in ce na ga tayar tana rawa ne kawai, in bar sunan fenti a cikina. Amma in na ce haka, za a ɗaure ƙafa ɗaya a wuce, sauran ukun suna nan da cutarsu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ɗaga murya yadda na bayan ma za su ji.

"Jama'a, laifina ne. Ni na yi wa wilin motar nan fenti, na sa shi inda ba a sawa. Noti suna kwancewa. Na yi wa motar Fuseni irinsa, yau da safe tayarsa ta fita, ga goshinsa nan ku gani. In an hau titin nan da gudu, ba gawa ɗaya za a kai Madina ba."

Ban jira izinin kowa ba, na durƙusa a gindin ƙafar baya ta hagu, ina addu'a iri biyu masu karo da juna: Allah ya sa ba komai, Allah kuma ya sa kada in zama maƙaryaci. Na kama noti na farko da yatsu biyu na murɗa. Ya juyo kamar murfin kwalba. Na biyu ma haka. Na uku ina taɓa shi ya faɗo a tafina. Na miƙa wa Bashiru. Ya karɓa yana jujjuya shi. Malam Seidu ya zauna daɓas a bakin kwalta ya dafe kai yana salati. Liman, dattijo mai sanyin magana, ya sauko ya leƙa, sannan ya ce:

"An ce a gaggauta da mamaci, ba a ce a bi shi ba. Ku sauko da Alhaji."

Akwai mai faci a tsallaken titi, ya kawo jak da sifanar taya, ya ce sai an cire ƙafafun duka an duba, kuma ba zai ɗaga mota da mutum a ciki ba, mai rai ko marar rai. Sauran motocin duk tasi ne da trotro, wato bas-bas na haya, masu kujeru, makara ba za ta shiga ba. Aka fito da Alhaji. Bashiru ya ce ubansa ba zai taɓa ƙasar bakin titi ba. Sai maza shida suka ɗauke shi a kafaɗa suka tsaya a inuwar wani dogon yaro, in sun gaji wasu shida su karɓa. Haka aka yi ta yi kusan awa guda. Masu wucewa suna rage gudu suna kallo, wata mai sayar da ruwan leda, Kirista ce ma, ta sauke tirenta ta raba wa mutane ta ƙi karɓar komai.

Ni kuwa ina zaune a ƙasa da fararen kayana, ana ciro wili ana turo mini. Da wuƙar mai faci da guntun samfefa da na samu a aljihun Fuseni na riƙa kankare fentin da na yi mako uku ina alfahari da shi. A bayan wilin ya riga ya murƙushe ya zama gari, wani wurin ya yi laushi kamar cingam. Ƙafa uku daga cikin huɗu noti sun saki. Ina kankara, hawaye da gumi suna haɗuwa a gemuna, ban san wanne ya fi yawa ba. Amma ku ji abin mamaki: ban taɓa jin sauƙi a ƙirjina irin na lokacin nan ba. Mutum ɗari suna kallona a matsayin wanda ya yi wauta, ni kuwa in na ɗaga kai na ga kawunnanku uku a tsaye da ƙafafunsu, sai in ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Mai faci ya mayar da ƙafafun, ya ɗaure, ya hau sifanar da ƙafarsa ya ƙara ɗaurewa. Aka mayar da Alhaji, aka tafi a hankali. Mun binne shi ana kiran la'asar.

Abin bai tafi a banza ba, ya ci ni. Waɗanda ke kusa sun ga noti a hannun Bashiru, amma na motocin baya ba abin da suka gani sai surukin mamaci ya tare gawa, kuma labari a Nima kafin ya tsallake gota ya yi 'ya'ya da jikoki. Kafin magariba an tono jimlar da Alhaji ya faɗa shekara goma sha biyar da suka wuce an ɗaura mata. Direbobi suka ɗauke ƙafa, tsakar gida ta koma ta mata, Mma Adisa ta samu lafiyar miyarta. Sai da aka fi shekara kafin wili ya sake jingina a bangonmu, shi ma na Fuseni ne, wanda ya ce mai fentin da ya san inda ba a sawa ya fi wanda bai sani ba tukuna. Bashiru kuwa ya yi shekara biyu ba ya miƙo mini hannu. Ban ga laifinsa ba. Shi bai taɓa cewa ramuwa na yi ba. Abin da ya ce shi ne gangancina ya sa ubansa ya yi awa guda a bakin titi ana kallonsa, kuma wannan gaskiya ce. Garin neman gira na kusa rasa ido, idon ma ba nawa ba. Uwarku ba ta ce mini komai ba a kwanakin nan, tana can gidan makoki, in mun haɗu a zaure sai ta sunkuyar da kai ta wuce. Abinci ya ƙi shiga mini. Ina ganin kowa ya tsira, ina godiya, amma ban san matsayina a gidan nan ba, ko har yanzu suruki ne ni ko kuwa wanda ake haƙuri da shi saboda 'ya'ya.

Ranar addu'ar bakwai, bayan an watse, ina neman takalmina in sulale, sai uwarku ta zo ta ce Mma tana kira. Kakarku Mma Hajiya, matar Alhaji, tana cikin takaba a ɗakinta. Tsakanina da ita gaisuwa ce daga bakin ƙofa, ni a durƙushe, ita a bayan labule, ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa zama a ɗakinta ba. Na tafi na durƙusa inda na saba. Ta ce in shigo. Tana zaune a tabarma da carbi, ta rame, Bashiru da ƙannensa suna zaune a gefe, ga alama ita ta tara su. Na fara ba da haƙuri, ta ɗaga hannu.

"An ce kai ka tsare Alhaji a hanya."

Na ce ni ne, Mma.

"An ce kai ka ɓata ƙafan mota ɗin."

Na ce ni ne.

"Kuma kai ka faɗa da bakin ka, gaban mutane."

Na ce haka ne.

Ta ja carbi. Sannan ta nuna 'ya'yanta da haɓa, ɗaya bayan ɗaya.

"Ran nan mutum huɗu na sa a mota ɗaya. Ɗaya na san ba zai dawo ba. Ina zaune nan ina jin mutane suna cewa an yi latti, an yi latti, ban san komai ba. Da yamma uku suka shigo suka ce Mma, mun dawo. Alhaji ya jira awa ɗaya, ba abin da ya rage shi. Ni da ban ga ukun nan ba, da wa zan zauna?"

Ta jawo wani kwano da ke rufe a gefenta, ta turo shi gabana da hannunta.

"Memuna ya ce kwana bakwai ba ka ci abinci. Isaka, ɗa na, wanke hannu."

Tuwo ne da miyar ayoyo, ya ma fara hucewa. A gaban surukata, abin da ɗan Bakatsine ba ya yi ko da yunwa za ta kashe shi, na wanke hannu na cinye shi tas.